Filin ciyawar gida in ya yi sanƙo, tona ka gani kafin ka sayo iri

Duk mai ɗan filin ciyawa a gida ya san wannan abin haushin. Gefe guda kore shar, ɗaya gefen ƙasa ce tsirara, can kuma wani wuri ya yi ja ya bushe, ka yi ta ban ruwa har ka gaji amma ko gezau. Abin da yake fara zuwa ran mutum shine bari in sayo iri in watsa a wurin a huta. Kuma irin zai fito fa, ba wai bazai fito ba, zaka ga ɗan tsiro siriri ya leƙo ka fara murna, bayan wata biyu wurin ya koma yadda yake, daidai inda ya mutu da farko nan zai sake mutuwa, har siffar sanƙon bata canzawa. Ai ruwa baya tsami banza. Abin da ya kashe ciyawar farko yana nan a ƙasa yana jiran ta biyu, kuma ita ta biyun jaririya ce, ta fi sauƙin kashewa.

Shi yasa ni in an tambaye ni wane iri za a saya, nakan ce a ɗan dakata da maganar iri, a ɗauko sukundireba doguwa tukuna. Ka jiƙa filin da yamma, washegari ka bi kana soka ta a ƙasa. Inda ciyawa take da lafiya zaka ji ta shige santimita 10 zuwa 15 ba wahala. Ka je wurin sanƙon ka soka. Yawanci zaka ji ta cije tun a santimita 2 ko 3, ka danna da ƙarfinka ta ƙi. To wannan wurin ya zama fako, ƙasar ta danne ta haɗe, kuma wannan shine dalilin da ya fi yawa a gidaje. Ƙasa mai kyau kusan rabinta ba ƙasa bace, ƴan kofofi ne da iska da ruwa suke zama a ciki, saiwa kuma numfashi take yi, tana buƙatar iskar nan. In aka yi ta tattaka wuri, ko ana ajiye mota a kai, ko yara sun mai da shi wurin ƙwallo, kofofin nan sai su rufe. Ruwa in ka zuba sai ya gangara gefe, saiwa ta kasa nutsawa ta tsaya a sama-sama, rana ɗaya mai zafi ta isa ta gama da ita.

Bayan sukundireba sai shebur. Ka yanko ƙasa daga tsakiyar sanƙon, zurfin kamar santimita 20, ka juyo ta ka duba da idonka. Ni a nawa filin akwai wani wuri kusa da katanga da kullum shi yake fara bushewa, da na tona abin da na tarar a ƙasa gutsattsarin bulo ne da busasshen siminti da leda har da guntun rodi, an rufe su da ƴar ƙasa da bata fi kaurin yatsu biyu ba. Masu gini haka suke yi a ko'ina, in an gama aiki a tura baraguzan a rami a baje ƙasa a kai, ido ya ga wuri ya yi sumul. Ciyawa kuwa tana son aƙalla santimita 10 zuwa 15 na ƙasa ta gaske a ƙarƙashinta. Ƙasa siririya a kan bulo bata riƙe ruwa, bulon yana ɗaukar zafi, ga shi siminti yana canza yanayin ƙasar da ke kewaye da shi ya sa ta yi kanwa-kanwa. Irin wannan wurin ko tirela guda ta iri ka zuba aikin banza ne, sai an kwashe tarkacen an cike da ƙasa.

In ka tona baka ga komai ba kuma ƙasar da laushinta, to ka kama ciyawar da ke bakin sanƙon ka ja. In ta taso gaba ɗaya babu saiwa a jikinta, duba ƙasan, wataƙila ka ga gwazarma, fararen tsutsotsin nan masu lanƙwasa, su ne suke cinye saiwa daga ƙasa. Ɗaya ko biyu ba abin damuwa bane, kowace ƙasa tana da su, amma in ka ƙirga kusan 10 a ɗan wurin da bai fi santimita 30 kowane gefe ba to su ne masu laifin. A wuraren zafi gara ma tana nata aikin, musamman inda busasshiyar ciyawa ta taru. In kuma da kare a gidan, fitsarinsa yana da alama da ba a ɓata ta: tsakiya ya ƙone, kewayen kuma ya fi ko'ina kore da tsawo, saboda naitirojin ɗin ya yi yawa a tsakiya ya ƙona, a gefe kuma da ya tsinke sai ya zama taki. Akwai wurin da ake zubar da ruwan wanki, akwai inda fetur ko baƙin mai ya zube daga inji, akwai ɗan tudu da injin yanka yake aske shi har ƙasa duk lokacin da ya bi ta kai, akwai kwari da ruwa yake kwanciya ya ruɓar da saiwa. Kowanne da maganinsa daban kuma ba wanda maganinsa iri ne.

Akwai wurare biyu da gaskiya ni bana ba kowa shawarar ya sake shuka su. Na farko hanyar da mutanen gida suka yi wa kansu, daga ƙofa zuwa famfo ko zuwa wurin shanya. Ƙafa ta riga ta zaɓi hanyarta, ba zaka hana mutane bi ba, ko ka yi faɗa sati ɗaya za a kiyaye a koma. Ka jera duwatsu masu faɗi a wurin, ciyawa ta kewaye su, ya ma fi kyau. Na biyu gindin babbar bishiya. Yawancin ciyawar fili tana son rana ta awa 4 zuwa 6 a yini, kiri-kiri kuwa wadda turawa ke kira Bermuda ta fi kowa son rana, ƙasa da awa 6 sai ta fara sirancewa ta ɓace. Ga inuwa a sama ga saiwar bishiya a ƙasa tana shanye ruwan. Ko dai a rage rassan ƙasa haske ya shigo, ko a nemi iri mai jure inuwa, ko kuma a haƙura a baje busassun ganye ko ɓawon itace a gindin a bar bishiya da wurinta.

To yanzu ƙasar kanta. Akwai gwaji mai sauƙi da kwalba. Ka ɗebo ƙasa ka cire tsakuwa da saiwoyi, ka zuba ta kai kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, ka cika da ruwa ka ɗiga sabulun wanke-wanke kaɗan, ka girgiza sosai ka ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, turɓaya mai laushi ta biyo baya cikin awa biyu, yumɓu kuma shi sai ya yi kwana ɗaya ko biyu kafin ruwan ya washe. Zaka ga layi-layi, daga nan ka san me ya fi yawa a ƙasarka. Wadda ake so ita ce mai kusan kashi 40 yashi, 40 turɓaya, 20 yumɓu, amma kar ka damu kanka, mutum kaɗan ne yake da ita. In ma baka da haƙurin kwalba, jiƙa ƙasar ka dunƙula a hannu, in ta wargaje rairayi ce, in ta yi danƙo har ka iya murza ta ta yi tsawo bata karye ba yumɓu ne.

Anan ne mutane da yawa suke yin wani abu da nake so in ja kunne a kai. Mai ƙasar yumɓu sai a ce masa ya zuba yashi ta saki. In yashin kaɗan ne, ƙwayoyin yumɓu masu ƙanƙanta sai su cike tsakanin ƙwayoyin yashin, ka kwaɓa da ruwa rana ta buga, to ai tubali ka buga a tsakar gidanka. Kafin yashi ya canza halin yumɓu sai ya kai kusan rabin ƙasar gaba ɗaya, wanda ba ƙaramin aiki bane. Abin da yake gyara yumɓu shine dai yake gyara rairayi, wato ruɓaɓɓen taki. A yumɓu yana haɗa ƙwayoyin su zama ɓurɓushi iska ta samu hanya, a rairayi kuma yana riƙe ruwa da abinci kar su tsiyaye ƙasa su bar saiwa. Kuma shi ne abincin tana da sauran ƙananan halittun da ido baya gani, su kuma su ne suke huɗa ƙasar dare da rana ba ka biya su.

Amma fa ruɓaɓɓe nace. Takin da ya nuna baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, yana wargajewa a hannu, ƙanshin ƙasa yake yi, baka gane me da me aka zuba a ciki. In har yana wari ko yana da zafi in ka tura hannu, bai gama ba. Ɗanyen kashin dabbobi, balle na kaji, yana da gishiri da naitirojin mai ƙarfi, tsiro jariri bazai iya da shi ba, ga kuma ƙwayar ciyayi da dabbar ta ci ta fitar da ita lafiya lau, ka zuba a filinka ka shuka wa kanka haki iri-iri. Tarin taki in an haɗa shi daidai, ɗanyen ganye da busasshe, da danshi, ana juyawa, cikinsa yana kai zafin digiri 55 ko fiye, wannan zafin ne yake kashe yawancin ƙwayoyin ciyayin. Garin katako kuma ɗanye kar ka cakuɗa shi da ƙasa, ƙwayoyin da zasu ruɓar da shi sai sun ari naitirojin daga ƙasar, ciyawarka ta yi rawaya kana mamaki.

Yawan da za a zuba a kan ciyawar da take raye rabin santimita ne zuwa santimita 1, yadda kan ganyen zai ci gaba da leƙowa, in ka binne ta ka kashe ta. Lissafin ba wuya: santimita 1 a kan fili mai murabba'in mita 100 yana cin mita kubik 1, wato lita 1000, baro goma sha biyar ko kusa da haka, ya danganta da girman baron. Mutane suna raina wannan lissafin su sayo buhu biyu, in sun baje su rasa inda ya shiga. A wurin sanƙo tsirara kuwa zaka iya zuba santimita 3 zuwa 5 ka juya shi cikin santimita 10 na sama. Ka tace shi da rariya mai manyan ido in da hali, manyan dunƙule suna danne tsiro.

Maganar tsamin ƙasa, wato pH, a taƙaice. Da lamba ake auna shi, in lambar ta sauka ƙasar ta yi tsami, in ta hau ta yi kanwa-kanwa. Yawancin ciyawa tafi jin daɗi tsakanin 6 da 7. In ya yi ƙasa sosai ko ya haura sosai, abincin yana nan a ƙasa amma saiwa bata iya ɗauka, ka yi ta zuba taki ba canji. Garin farar ƙasa na noma yana ɗaga shi, farar wuta tana saukar da shi, dukkansu kuma a hankali suke aiki, watanni. Tokar itace ma tana ɗagawa kuma tana da fotash, amma ƴar barbaɗawa ake yi. Jifsam, wani farin garin ma'adini da ake zubawa a ƙasa, shi baya taɓa pH sosai, amfaninsa a ƙasa mai yawan sodiyam ne. Abin da nake so a riƙe kawai, kar a zuba ko ɗaya a kan zato. A gwada tukuna, ko da ɗan kayan gwajin da ake sayarwa ne, in da ɗakin gwajin ƙasa kusa kuma ya fi. Wanda ƙasarsa take 7.5 saboda siminti ya ƙara mata farar ƙasa don ya ji ana cewa tana da kyau, ya ƙara wa kansa aiki ne.

Sai buɗe fakon. Ƙasa ta kasance da danshi amma ba caɓi ba, in ka yi aiki a jiƙaƙƙen yumɓu ƙara danne shi kake yi. Ƙaramin wuri babban cokalin lambu mai yatsu ya isa, ka soka santimita 8 zuwa 10, ka ɗan girgiza gaba da baya, ka matsa santimita 10 zuwa 15 ka sake. Akwai wani mai yatsu masu rami a ciki da yake zaro ƙasar waje, shi ya fi, don mai tsini kawai yana tura ƙasar gefe ne ya matse bangon ramin. Aikin da gajiya, baya zai gaya maka washegari. Bayan nan ka sa manjagara ka kankare matacciyar ciyawar da ta yi kauri tsakanin ganye da ƙasa, in ta wuce santimita 1 da ɗan abu tana hana ruwa shiga kuma iri in ya faɗa a kanta a rataye yake, bai taɓa ƙasa ba. Sannan ka baje takin ka share shi ya shiga ramukan.

Yanzu ne aka zo kan iri. Ciyawar fili gida biyu ce. Akwai ta zafi, su kiri-kiri, Zoysia, Bahia, Kikuyu, St. Augustine, suna girma lokacin zafi su yi barci in sanyi ya shigo. Akwai ta sanyi, su ryegrass da fescue da Kentucky bluegrass, waɗanda zafi mai tsanani yake wahalar da su. Hoton da ke jikin leda ba shi bane abin dubawa, juya bayan ka karanta: wane iri ne a ciki, kashi nawa yake tsirowa, yaushe aka gwada shi, kashi nawa ne ƙwayar haki. Iri yana rage ƙarfi in ya daɗe, musamman in an ajiye shi a zafi da danshi. Wasu haɗin masu araha cike suke da ryegrass mai shekara ɗaya, ya fito da sauri ya yi kyau ya burge ka, shekara na zagayowa ya mutu. Kuma ka nemi wanda ya dace da wanda ke filin, in ba haka ba zaka samu faci mai launi daban da faɗin ganye daban, daga nesa ana ganinsa.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, wasu ciyayin ba a shuka su da iri sam. St. Augustine dashe ake yi. Tifway, wani haɗin kiri-kiri da aka fitar a Tifton ta jihar Jojiya a Amurka a 1960 wanda ya cika filayen wasa, baya yin ƙwaya mai tsirowa, da yaɗo ake yaɗa shi. In taka mai yaɗo ce to ka huta da sayen komai, ka je inda ta yi kauri ka yanko ƴan gutsattsari da saiwarsu da ƙasarsu, kamar santimita 5 kowane gefe, ka dasa a sanƙon tazarar santimita 15 zuwa 30, ka cike ramukan da ka bari da taki. Da kanta zata miƙa ta haɗe, launi ɗaya, kuma ta riga ta saba da gidanka. Ni wannan hanyar na fi so ga duk ƙaramin sanƙo.

Lokaci yana da muhimmanci fiye da tsadar irin. Ta zafi tana son ƙasa ta kai digiri 18 zuwa sama, don haka a wuraren da ake damina da rani farkon damina ne lokacinta, bayan ruwa ya zauna amma kafin manyan ruwan da suke wanke ƙasa, a ƙasashen sanyi kuma bayan sanyi ya wuce ƙasa ta ɗumama, kafin zafi ya kankama. Ta sanyi tafi son farkon kaka, ƙasa da sauran ɗuminta iska kuma ta yi sanyi, haki ya rage. Wanda ya shuka a tsakiyar zafi ya ɗaure kansa da tiyo ne.

Shukar kanta ita ce mafi sauƙi. Ka rage tsawon ciyawar da ke kewaye don kar ta yi wa tsiro inuwa, ka karce saman ƙasar da manjagara ya yi ɓurɓushi, ka daidaita. Ƙwayar kiri-kiri ƙanana ce ƙwarai, miliyoyi ne a kilo ɗaya, giram 5 zuwa 10 ya ishi murabba'in mita guda, gara ka cakuɗa ta da busasshen yashi don hannu ya iya rabawa. Ryegrass da doguwar fescue masu manyan ƙwaya kuwa giram 25 zuwa 40. Ka raba irin biyu, rabi ka watsa kana tafiya gabas da yamma, rabi kudu da arewa. Kar ka ce bari in ƙara don ya yi kauri, in sun yi yawa gasa suke yi su siranta duka, cutar fumfuna ta kwantar da su. Zurfi kuma bai wuce rabin santimita ba, ƙananan ma ƙasa da haka, ka ja bayan manjagara a kai a hankali sannan ka danna da faffaɗan katako ko tafin takalmi, so ake ƙwayar ta manne da ƙasa. Ka yafa busasshiyar ciyawa marar ƙwaya sama-sama yadda kana hango rabin ƙasar ta ciki, tana tare danshi tana ɗan ɓoye irin daga tsuntsaye. Tururuwa ma ɓarayin iri ne, in ka ga layinsu ka bi ka ga inda suke kaiwa.

Ruwa, nan ne ake cin nasara ko a faɗi. Ƙwaya in ta sha ruwa ta fara motsi, to in ta bushe sau ɗaya a wannan tsakanin ta mutu, bata komawa ta jira. Don haka makonnin farko yayyafi ake yi kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku a yini in ana zafi, santimita 1 zuwa 2 na sama kawai ake so ya zauna da danshi, ba kududdufi ba. Kar a saki tiyo da ƙarfi, zai tattara irin ya kai shi kwari, a sa kai mai feshi ko buta mai rariya. In kasan zaka yi tafiya ka bar shukar har ka dawo. Kuma a yi haƙuri, ryegrass tana fitowa cikin kwana 5 zuwa 10, fescue sati ɗaya zuwa biyu, kiri-kiri tana iya kai sati biyu zuwa uku, bluegrass har wata guda. Mutane da yawa a kwana na goma suke yanke ƙauna su daina ban ruwa, alhali ƙwayar tana gab da fasowa.

In tsiro ya kai santimita 3 zuwa 4 sai a juya tsarin gaba ɗaya, a rage yawan lokutan a ƙara yawan ruwan, daga kullum zuwa bayan kwana biyu, har a kai sau ɗaya ko biyu a sati. Saiwa inda ruwa yake take bi, in kullum a sama yake a sama zata zauna. Ciyawar da ta kafu tana son kamar milimita 25 a sati har da ruwan sama, wato lita 25 a kowane murabba'in mita. Ka ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen baki a fili lokacin feshi ka auna da rula, zaka san minti nawa yake ɗauka. Da sassafe ya fi, na dare yana barin ganye a jiƙe har gari ya waye, fumfuna kuma abin da take so kenan.

Takin zamani ba laifi bane, amma da awo. Lambobi ukun da ke jikin buhu naitirojin ne da fosfaras da fotash, na farko ganye, na biyu saiwa, na uku juriya. Ƙa'idar da aka saba ita ce kar a wuce giram 5 na naitirojin a murabba'in mita a zubi ɗaya. Yuriya kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, kenan giram 10 da ɗan kai, ɗan abu ne a tafin hannu. NPK 15-15-15 kuma kamar giram 33. A zuba in ganye a bushe yake sannan a bi da ruwa nan take, in ba haka ba ya ƙone. Sabon tsiro ka bar shi ya yi sati huɗu zuwa shida kafin ka ba shi naitirojin mai ƙarfi, in ka sa ruɓaɓɓen taki da kyau ma ba ya cikin yunwa. Maganin ciyawa kuwa a yi hattara sosai, wanda yake hana ƙwayar haki tsirowa baya bambance ta da irin da ka saya, wanda ake fesa wa mai faɗin ganye kuma sai an yi wa sabuwar yanka uku ko huɗu tukuna. Maganin da ake kira glyphosate shi duk koren da ya taɓa ya tafi.

Haki zai fito tare da tsironka, wannan dole ne, ka motsa ƙasa ka ba ta ruwa, ƙwayoyin da suke kwance shekaru sun samu dama. Yawancinsu yanka kawai yake gamawa da su. Aya-aya ce mai taurin kai, in ka fizge ganyen ƴaƴanta suna nan a ƙasa zasu sake tofowa, sai an tono da su, kuma yawanta alama ce wurin yana riƙe ruwa fiye da kima. Shi kuwa clover, ɗan tsiron nan mai ganye uku-uku, ni bana ganin laifinsa, yana ɗauko naitirojin daga iska ya ajiye a ƙasa, a da har cikin haɗin irin fili ake saka shi da gangan, sai da magungunan kashe mai faɗin ganye irin su 2,4-D suka bazu bayan shekarun 1940 aka koma kiransa haki.

Yankan farko sai sabuwar ta kai santimita 7 zuwa 8, kiri-kiri kamar 5, ƙasa a bushe, wuƙar inji da kaifi, don dakusasshiya fizgowa take yi ta tumɓuke tsiron da saiwarsa. Kar a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka ɗaya, yanzu da ko yaushe. Masu son a aske ta ƙwal don a daɗe ba a sake yanka ba, su ne suke buɗe wa rana ƙasa, kuma gajeren ganye gajeriyar saiwa yake bayarwa. Abin da aka yanke in ba ya yi tuli ba a bar shi a wurin, yana ruɓewa da sauri ya mayar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na naitirojin ɗin da filin yake buƙata.

Ka sa igiya ko ƴan sanduna ka kewaye wurin na sati shida zuwa takwas, ka gaya wa yara da manya. Bayan wata biyu zaka ga wasu ƴan wurare basu cike ba, ka karce ka ƙara musu iri ko dashe. Ita ƙasar kuma ba a shekara ɗaya take gyaruwa ba, sokawa da baje taki rabin santimita sau ɗaya a shekara lokacin da ciyawar take tsakiyar girma, shekara biyu ko uku a jere, sannan zaka ga sukundireban tana shigewa a inda da take cijewa, in ka yanko da shebur kuma ka tarar da tana a ciki da saiwa fara ta sauka santimita 10 ko fiye.